Ramukan cikin alminiyam da muka auna sau biyu, saboda hoton farko an yi masa kwalliya

Abin ya faro ne daga wani ƙarfe da ya karye. Wani sashe ne na inji da aka zuba da alminiyam mai haɗin silikon, irin wanda ke ɗaukar nauyi yana shan jijjiga kullum, kuma ya tsage tun bai yi wani daɗewa a aiki ba. Masu zubin suna da rukuni biyu, na farko wanda babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi a kansa, da na biyu wanda daga cikinsa ne aka samu wannan karyewar, to sai aka kawo mana samfuri daga kowanne aka ce mu duba ciki mu gaya musu ko na biyun ya fi ramuka. A baki tambayar ba ta da wuya, yanka, goge, ɗau hoto a maikroskof, auna baƙin da ke ciki, shi ke nan. Amma sai da muka yi aikin sau biyu, kuma amsar farko da ta biyu ba su ma kama hanya ɗaya ba.

Kafin in shiga maganar hoto bari in ɗan faɗi me ake nema, don in ba a san shi ba sauran labarin ba zai yi ma'ana ba. Ramukan da ke cikin zubin alminiyam galibi iri biyu ne. Akwai na iska, wato haidirojin, wanda ke narkewa sosai a cikin alminiyam lokacin da yake ruwa amma da zarar ya fara daskarewa sai ya kasa riƙe shi, iskar ta fito ta bar ƙananan ramuka masu zagaye kamar kumfa. Akwai kuma na ƙanƙancewa, saboda alminiyam zalla idan ya daskare yana raguwa da wajen kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na girmansa, in narkakken ƙarfe bai samu hanyar zuwa ya cike gurbin ba sai wurin ya zauna fayau, kuma irin wannan ramin ba ya zagaye, yana da rassa da tsini kamar saiwa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Na iska ana busa argon ko naitirojin a cikin narkakken ƙarfen a kore shi kafin a zuba, na ƙanƙancewa kuwa sai an gyara tsarin mazubin da hanyar da ƙarfe ke bi ya ciyar da wurare masu kauri. In ka ce wa mai zubi wannan ne alhali wancan ne, ka sa shi asarar lokaci a banza.

Wani matashi da ke koyon aiki a wurinmu shi ya ɗauki aikin, kuma gaskiya yaron ba malalaci ba ne, ya ma iya Photoshop fiye da ni nesa ba kusa ba, wanda daga baya na gane wannan iyawar ce ta jawo rabin matsalar. Ya yanka samfuran ya goge su da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har suka yi sheƙi, ya ɗauki hoto 20 na rukunin farko a rana ɗaya, 20 na rukuni na biyu washegari, ya auna da ImageJ, wata manhajar awon hoto, ya kawo min sakamako. Rukunin farko kashi 0.9 cikin ɗari ramuka, na biyu kashi 2.6, kuma a cewar tebur ɗinsa ramukan na biyun ƙanana ne birjik, mafi girma bai wuce maikromita 150 ba (maikromita 1000 ne milimita ɗaya). Duk wanda ya karanta wannan zai ce iska ce, a je a kori haidirojin. Hotunan da ya liƙa a rahoton kuwa tsaf, fari fat baƙi ƙirin, babu ko ƙarzuwa ɗaya a na rukunin farko.

Abin da ya sa ban sa hannu ba shi ne tun kafin a yanka samfuran mun auna nauyinsu a iska da kuma cikin ruwa, tsohuwar dabarar nan ta Archimedes, don mu san nauyin kowane santimita kubik. Alminiyam yana wajen giram 2.7 a santimita kubik, to in da gaske akwai bambancin kashi 1.7 na fanko tsakanin rukunan biyu ya kamata mu ga ratar kusan giram 0.045, kuma sikelinmu zai iya ganin wannan cikin sauƙi. Ba mu gani ba, kusan kunnen doki suka yi. Ruwa ba ya tsami banza, sai na ce masa ya kawo min hotunan da ya auna ɗin, ba waɗanda ke cikin rahoto ba, ainihin fayilolin. Ya ce, Oga ai su ne dai, na ɗan gyara su ne kawai don su fito. Wannan "ɗan gyara" ɗin shi muka shafe kwana biyu muna warwarewa.

Abu na farko da na lura, tun ban buɗe hoto ko ɗaya ba, fayilolin rukunin farko TIFF ne, irin fayil ɗin hoto da ba ya zubar da bayani, masu faɗin fiksel 2560, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, na rukuni na biyu kuma JPEG ne masu faɗin 1600. Na tambaye shi ya aka yi haka, ya ce ranar farko da filashi ya kwashe, rana ta biyu bai ga filashin ba sai ya tura wa kansa ta WhatsApp. To WhatsApp in ba a matsayin dokumen ka tura hoto ba yana rage shi ya matse shi. Matsewar JPEG kuwa ba ta dawowa, yana yanka hoton gida-gida na fiksel 8 sau 8 ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai kula da su ba, kuma daidai bakin abu baƙi a kan fari, wato daidai inda mu muke auna iyakar rami, nan ne ya fi barin ɗigo-ɗigo da inuwar da babu ita a samfurin. Ga hoton biki wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke ƙirga fiksel kuwa kowane ɗigo lamba ce.

Amma ragewar ta fi matsewar yi mana ɓarna. A ImageJ kafin ka auna komai sai ka gaya wa manhajar fiksel nawa ne maikromita ɗaya, ka ja layi a kan sandar awo, wato wani ɗan layi da aka riga aka san ainihin tsawonsa, ka shiga Set Scale. Shi ya yi wannan a hoton rukunin farko, inda fiksel 400 ke daidai da maikromita 200, wato rabin maikromita kowane fiksel, sai ya danna akwatin nan na Global wanda ke ɗora ma'auni ɗaya a kan duk hotunan da aka buɗe. Hotunan rukuni na biyu kuma an rage su daga 2560 zuwa 1600, kowane fiksel yanzu maikromita 0.8 ne ba 0.5 ba, amma manhajar ba ta sani ba. Don haka duk tsawon da ya auna a rukuni na biyu ya gaza na gaskiya da ninki 1.6, faɗin wuri kuma da ninki 2.56. Ramin da ya rubuta 150 ashe 240 ne. Kason ramuka cikin ɗari wannan kuskuren bai taɓa shi ba, tunda fiksel ake rabawa da fiksel, amma girman ramuka ya ɓoye shi, kuma girman shi ne maganar da ta fi muhimmanci a ƙarshe.

Na biyu abin dariya ne in ba kai ya sama ba. A rana ta biyu wani ya canza saitin manhajar kyamarar yadda take buga sandar awo a jikin hoton, baƙin akwati a kusurwar ƙasa da farin rubutu a ciki. Akwatin nan fiksel 320 ne sau 80 a asalin hoto mai 2560 sau 1920, ka buga lissafi za ka ga ya ɗan haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hoton gaba ɗaya. Manhaja ba ta san akwati ba, ita dai baƙi ta gani ta ƙirga shi rami. Don haka daga cikin 2.6 ɗin nan, wajen 0.5 sandar awo ce kawai, a duk hotuna 20.

Sai na uku, wanda shi ne zuciyar lamarin, gyaran haske. Mutane da yawa suna ɗaukar hoto kamar abin kallo ne, amma a wurin kwamfuta jadawalin lambobi ne, a hoto mai bit 8 kowane fiksel yana ɗauke da lamba daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat, mataki 256 ke nan, kyamarori masu bit 12 kuma suna ba da mataki 4096. A gogaggen samfurin alminiyam mai silikon abu uku kake gani, alminiyam ɗin kansa mai haske, ƙwayoyin silikon masu ruwan toka, da ramuka masu duhu saboda hasken da ya shiga ba ya dawowa. In ka buɗe histogiram, wato zanen da ke nuna fiksel nawa ne ke da kowace lamba, za ka ga tudu uku, babba a dama, matsakaici a tsakiya, ɗan ƙarami a hagu. Duk aikin awon shi ne ka sa iyaka a kwarin da ke tsakanin tudun ramuka da tudun silikon, ka ce duk abin da ya gaza wannan lamba rami ne.

Shi kuma me ya yi, a rukunin farko ya danna Auto Contrast a Photoshop hoto bayan hoto. Wannan umarni yana duba kowane hoto shi kaɗai, ya ja mafi duhunsa zuwa baƙi mafi haskensa zuwa fari, to hoton da ke da rami sosai da wanda kusan babu rami ba jan iri ɗaya za su sha ba, a wanda babu ramin silikon ne mafi duhu, shi za a tura wajen baƙi. A rukuni na biyu kuma hotunan sun fito dishi-dishi don an rage ƙarfin fitilar maikroskof ɗin, ya danna Auto Contrast ya ga kusan babu abin da ya canza, dalili kuwa baƙin akwatin nan da farin rubutunsa sun riga sun mamaye ƙarshen biyu, manhajar tana ganin hoton ya riga ya cika. Sai ya koma Curves yana lanƙwasa layin da hannu, kowane hoto har sai ya yi masa kyau a ido. Irin lanƙwasar da ke sa hoto ya fito ɗin nan tana ƙara wa mai duhu duhu ne, mai haske haske, don haka silikon mai ruwan toka ya gangara ya haɗe da ramuka, tudu biyu suka zama ɗaya. Bayan duk wannan sai ya sa iyaka ɗaya, lamba 80, a kan hotuna 40 da kowanne an ja shi ta hanyarsa daban. Kamar ka auna tsawon mutum 40 da igiyar roba ne kana ja yadda ka ga dama kowane lokaci.

Kuma hasken rana ta biyu ba daidai yake a ko'ina ba, tsakiya ya fi haske kusurwoyi sun yi duhu, musamman ta hagu a sama. Ido yana yafe wannan, ƙwaƙwalwa tana daidaita shi ba ka ma sani ba, amma da na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa na buɗe Plot Profile sai ga lambobin sun yi baka, sama a tsakiya ƙasa a gefe. Silikon ɗin da ke kusurwa ya faɗa ƙasa da 80 tun kafin ma a taɓa Curves. Da na kunna jan launin da ImageJ ke shafa wa abin da ya zaɓa, kusurwar nan ta yi ja jawur da ƙananan ɗigo, su ne "ƙananan ramuka birjik" da suka sa rahoton ya karkata wajen iska.

Na huɗu shi ne wanda na ɗan yi masa faɗa a kai. Rukunin farko babu ƙarzuwa ko ɗaya ba don gugar ta yi kyau ba ne, ya bi su ne da Clone Stamp yana kwafo wuri mai tsabta yana rufewa, har da wasu ɗigo da ya yanke wa hukuncin datti ne. A rukuni na biyu ya gaji ya bar su. Ya ce min, Oga wallahi ba da wata niyya ba ne, karce ai ba rami ba ne. Na ce na yarda, kuma na san ba ƙarya ya yi niyya ba, amma yanzu wa zai iya nuna min cewa duk abin da ka share datti ne, tunda a kan fayil ɗin ka yi sebin? Garin neman gira ake rasa ido. In karce ya dame ka, ka koma ka sake guga, ko ka bar shi a hoton ka cire shi a lissafi da ƙa'idar da kowa zai iya gani ya maimaita.

Wannan ba tsaurina ba ne ni kaɗai. Mujallar Journal of Cell Biology ta fara tantance hotunan da ake turo mata tun 2002, kuma a 2004 Mike Rossner da Kenneth Yamada suka rubuta ƙa'idojin da mujallu da yawa suka ara daga baya. Taƙaicensu shi ne kada a ƙara wa wani abu guda a cikin hoto ƙarfi, kada a ɓoye shi, kada a matsar da shi, kada a cire, kada a ƙaro, gyaran haske da kwantiras kuma ya halatta in an yi wa hoton gaba ɗaya kuma bai ɓatar da wani bayani ba, irin gyaran da ba miƙaƙƙe ba, wato wanda ba ya jan duk lambobin daidai wa daida kamar wanda ake kira gamma, kuwa sai an bayyana an yi shi. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba takardun bincike sama da 20,000 da ido suka samu kusan kashi 4 cikin ɗari na ɗauke da hotunan da aka maimaita ko aka taɓa ta hanyar da ba ta dace ba. Su a fannin halittu suke, mu a ƙarfe, amma fiksel fiksel ne.

To sai muka koma farko. Asalin fayilolin rukuni na biyu suna nan a kwamfutar maikroskof, da za mu iya yanke akwatin mu gyara hasken mu ci gaba, amma tunda samfuran na hannunmu na ga gara a sake ɗauka gaba ɗaya, domin akwai wata matsala da babu manhajar da ke gyara ta. Na tambaye shi yadda yake zaɓar inda zai ɗauka, ya ce yana zagayawa ne in ya ga wuri mai abin gani sai ya ɗauka. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata awo. Dalilin da ya sa ma ake yarda cewa kason faɗin rami a yankakken fili yana wakiltar kason fanko a cikin ƙarfen shi ne ƙa'idar da Achille Delesse, wani masanin duwatsu Bafaranshe, ya kawo a shekarun 1840, kuma sharaɗinta shi ne ba kai ke zaɓar wurin da ya burge ka ba. Muka sake guga, muka wanke muka busar da kyau don tabon ruwa ma baƙi yake fitowa, muka daidaita fitila, muka kashe duk wani saitin kyamara mai sarrafa kansa, lokacin ɗauka ɗaya, ƙarfin haske ɗaya, ruwan tabarau ɗaya, duka rukunan a zama guda. Teburin maikroskof kuma muna matsar da shi taki ɗaya kowane lokaci daga gefe zuwa gefe, abin da ya faɗo shi muke ɗauka ko da fili ne fayau. Aka ajiye su TIFF a folda da muka kulle, duk aiki a kan kwafi.

Na kuma sa wani abokin aiki ya canza wa fayilolin suna zuwa lambobi ya riƙe makullin a wurinsa, don kada mu san wanne ne rukunin da ake zargi lokacin da muke zaɓar iyaka. Mutum in ya san amsar da ake jira hannunsa na karkata ba tare da ya sani ba, ni ma ban cire kaina ba.

Daga nan komai a Fiji muka yi, wato ImageJ ɗin da aka haɗa masa kayan aiki da yawa. Wayne Rasband ne ya rubuta ImageJ a cibiyar binciken lafiya ta NIH a Amurka ya fitar a 1997, kyauta ne, kuma bambancinsa da Photoshop ko GIMP a irin wannan aiki shi ne an gina shi ne don auna lamba, su kuma don abin ya yi kyau a ido. Ko da ka ja Brightness/Contrast a hoto mai ruwan toka, yadda ake nuna shi a allo ne kawai ke canzawa, lambobin suna nan har sai ka danna Apply da kanka. Ragowar rashin daidaiton haske mun gyara shi ta hanyar ɗaukar hoton fili marar komai da saiti iri ɗaya, sai a raba kowane hoto da shi a Image Calculator, inda fitila ta yi rauni an raba da ƙaramar lamba sai ya taso ya daidaita da saura. Akwai wata hanyar, Subtract Background, wadda ke aiki da dabarar mirgina ƙwallo da Stanley Sternberg ya bayyana a 1983, tana da kyau in ba ka da hoton filin, sai dai dole ƙwallon ya fi mafi girman raminka girma in ba haka ba zai ɗauki tsakiyar babban rami a matsayin bango ya shafe shi, kuma mu manyan ramukan muke nema. Sai filta ta Median mai ƙaramin zagaye don kashe ɗigon hayaniyar kyamara, ita tana jera lambobin maƙwabta ne ta ɗauki ta tsakiya don haka bakin rami na zama da kaifinsa, ba kamar Gaussian Blur da ke dame shi ba.

Wajen sa iyaka yaron ya ce mu bar wa manhaja ta zaɓa da kanta mana, ai akwai Otsu, ba ruwan hannun mutum. Shawara ce mai kyau kuma mun gwada. Amma hanyar da Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979 tana neman raba fiksel gida biyu ne, mu kuma gida uku gare mu, kuma tudun ramuka ɗan mitsitsi ne kusa da sauran, don haka sai ta je ta yanka tsakanin alminiyam da silikon ta ba mu wani kaso mai ban tsoro. Muka dawo muka duba histogiram na hotuna da dama a haɗe, muka ga kwarin da ke tsakanin ramuka da silikon a fili yake yanzu tunda babu wanda ya lanƙwasa komai, muka sa iyakar a nan. Sannan muka gwada matsar da ita sama da mataki 10, ƙasa da mataki 10, mu ga ko sakamakon zai yi tsalle. Bai yi ba, ɗan motsi kawai ya yi, kuma rukunan biyu tare suke motsawa. Wannan gwajin na fi yarda da shi fiye da komai, in amsarka tana juyawa don ka matsar da iyaka kaɗan to ba ka da amsa tukuna.

A Analyze Particles muka ce a watsar da duk abin da bai kai fiksel 20 ba, don abin da ya kai wannan ƙanƙanta ba za ka iya cewa ga siffarsa ba, muka kuma rubuta hakan a rahoto. Muka sa ya ba mu faɗin kowane rami, da tsawon Feret wato tazara mafi nisa tsakanin baki da baki, da kuma ma'aunin zagaye wanda ake samu daga 4 sau pai sau faɗin wuri a raba da kewaye sau kewaye, cikakken da'ira na ba da 1, abu mai rassa ko dogon siriri yana gangarowa wajen sifili. 'Yan karcen da suka rage wannan ma'aunin ya tona su, dogaye ne sirara miƙaƙƙu, muka cire su da ƙa'ida ɗaya a duk hotuna, kowanne da lambarsa a tebur. Duk matakan nan mun kunna Recorder ya rubuta su ya zama makro, wato jerin umarni da manhaja ke maimaitawa da kanta, muka sake shi a kan hotunan duka ba tare da hannu ya taɓa ko ɗaya ba. Kuma don kada mu yarda da kwamfuta ido rufe, na sa ya ɗora raga mai ɗigo a kan wasu hotuna ya ƙirga da ido ɗigo nawa suka faɗa cikin rami, irin ƙirgar da ma'aunin ASTM E562 ya tsara. Aiki ne mai gajiyarwa kuma da ramuka kaɗan haka yana buƙatar ɗigo masu yawan gaske kafin ya nutsu, amma ya faɗo kusa da abin da makro ya bayar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, a nan kam sai da muka ba shi mudun.

Da aka buɗe makullin sunaye, rukunin farko kashi 0.8, na biyu kashi 1.0. Ninki ukun nan ya ɓace, kuma wannan ya yi daidai da awon nauyi a ruwa. Amma tebur ɗin siffa ya faɗi wata magana daban. Ramukan rukunin farko ƙanana ne masu zagaye a warwatse ko'ina, na rukuni na biyu kuwa yawancin faɗinsu ya taru ne a 'yan ramuka kaɗan manya masu rassa, ma'aunin zagayensu ƙasa sosai, tsawonsu ya haura maikromita 200, kuma duk a ɓangaren da ya fi kauri kusa da inda hannun sashen injin ya haɗu da jikinsa. Ga ƙarfen da ke shan jijjiga ba jimillar ramuka ce ke kashe shi ba, tsagewar gajiya, wato wadda jijjigar yau da gobe ke jawowa, tana farawa ne daga rami mafi girma mafi tsini, musamman wanda ke kusa da fatar ƙarfen ta waje. Kuma irin wannan rami mai rassa in ka yanka shi a fili ɗaya yana fitowa kamar ramuka huɗu ko biyar a kusa da juna alhali a ciki abu ɗaya ne, don haka 240 ɗin ma da wuya in shi ne iyakarsa, shi ya sa muka rubuta a rahoto cewa in suna son ainihin girmansa a yi hoton CT na eksire, wanda ke nuna cikin ƙarfe ba tare da an yanka shi ba.

Hotunan da suka shiga rahoton a nan ne Photoshop ya dawo, kuma na bar wa yaron ya yi tunda fagensa ne. Ya jera na rukunin farko da na biyu gefe da gefe, gyaran haske ɗaya a leya guda, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a saman hoto, da ta rufe su duka ba tare da ta taɓa asalin fiksel ba, sandar awo a leyarta daban wadda aka ɗauko daga hoton da aka riga aka saita ma'auninsa, kibiyoyi masu nuna manyan ramuka, da kuma kwafin kowane hoto mai jan launi don mai karatu ya ga ainihin abin da aka ƙirga. Karce biyu da suka rage an bar su suna nan a hoton. A ƙasa ya rubuta sunan manhaja, girman filta, lambar iyaka, da mafi ƙarancin girman da aka ƙirga, makro ɗin kuma muka haɗa shi da rahoton.

Masu zubin da suka karanta sai suka tuna cewa a rukuni na biyu ne suka rage girman ma'ajiyar narkakken ƙarfen da ake bari a saman wurin mai kauri, wadda ke ciyar da shi lokacin da yake daskarewa, don rage abin da ake yankewa a mayar tukunya. Suka mayar da ita yadda take, suka turo sabbin samfura guda shida. Yaron ya goge su, ya ɗauka da saitin da muka rubuta a takarda muka manna a jikin maikroskof ɗin, ya kwashe da filashi, ya saki makro ɗin a kansu, mafi girman ramin da ya fito bai kai maikromita 70 ba kuma mai zagaye ne.